ZARE: 0, 1, 2 da dokar ƙaramar lamba da ke cikin wayarka

1/ Jama'a, yau tarihi za mu yi, amma ba na sarakunan Yawuri ba 😅 Tarihin wata 'yar ƙaramar doka ce da ke aiki a cikin kowace wayar Android da ke Shanga a daidai wannan lokacin. Ta girmi jihar Kebbi, ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba, kuma masana sun nemi a sassauta ta abin ya gagara. Ku gyara zama 🧵

2/ Bari mu fara daga tushe. A ƙarƙashin Android akwai wani ɓangare da ake ce wa kanel, kuma kanel ɗin Linux ne. Shi ke da iko a kan ma'adanar waya, kyamara, sikirin da layin intanet. WhatsApp ko TikTok ba su da izinin taɓa waɗannan da kansu. Duk abin da suke so, sai sun roƙi kanel.

3/ To idan manhaja ta ce wa kanel "buɗe min hoton nan", ba ya ɗauko hoton ya miƙa mata. Buɗewa yake yi ya riƙe a wurinsa, ya ba ta lamba: 3, ko 4, ko 57. Daga nan duk abin da za ta yi, karatu, rubutu ko rufewa, lambar za ta ambata. Turawa na kiranta fayil diskirifta. Ni zan riƙa cewa lambar fayil.

4/ Duk wanda ya taɓa kai waya shagon caji a Shanga ko Yelwa ya riga ya gane abin. Ka ba mai caji waya, ya manna mata lamba, ya ba ka 'yar'uwarta. Wayar na hannunsa, lambar na aljihunka. Lambar shagon Malam wane ba ta aiki a shagon wani. Haka nan 3 ta WhatsApp daban, 3 ta TikTok daban. Kowace manhaja da jerin lambobinta.

5/ Tambayar zaren nan gaba ɗaya ita ce: idan akwai lambobi da yawa da ba kowa a kansu, wacce kanel zai bayar? Amsa: mafi ƙanƙanta. Kullum. Idan 0 zuwa 9 na hannu, aka rufe 4, buɗewa ta gaba 4 za ta samu, ba 10 ba. Shi ke nan dokar. Kamar wasa ko? Mu je zuwa.

6/ 1968 ne madatsar Kainji ta tare ruwan Kwara, tafkin ya cika, aka tashi ƙauyukan bakin ruwa da na gungu. Shekara ɗaya bayan haka, 1969, a can jihar New Jersey ta Amurka, cibiyar bincike ta Bell Labs ta janye daga wani ƙaton aiki mai suna Multics. Ken Thompson ya samu wata kwamfuta, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, ya fara rubuta abin da ya zama Unix.

7/ Shi da abokin aikinsa Dennis Ritchie sun koma kan PDP-11 a 1970. Ma'adanar aikinta kilobayit 24 ce. Ku sake karantawa: kilobayit. Sitika ɗaya ta WhatsApp na iya fin haka nauyi. A irin wannan ƙuncin ba a yin almubazzaranci. Duk dabarar da za a yi, sai wadda ta fi sauƙi da arha.

8/ Sigar Unix ta shida, wadda ta fita a 1975, ita ce ta fara yaɗuwa sosai a jami'o'i. A cikinta kowace manhaja mai gudana na da gurbi 15 kacal na fayil. Kwamfutar gaba ɗaya, da duk masu amfani da ita, fayil 100 za ta iya riƙewa a buɗe.

9/ Ɗan aikin da ke raba lambar sunansa ufalloc, kuma layukansa ba su cika tafin hannu ba. Abin da yake yi: fara daga gurbi na 0, ka duba. Akwai abu? Matsa na 1. Akwai? Matsa. Na farko da ka samu fanko, shi ne lambar. Idan ka kai ƙarshe babu, ka mayar da kuskure mai lamba 24.

10/ Kun ga inda dokar ta fito ke nan. Duk wanda aka ba gurbi 15 aka ce ya nemo fanko, daga farko zai fara. Mai caji ma haka yake yi, lambar da ke saman igiya yake zarowa. Kuma wancan kuskure na 24 yana nan har gobe: shi ne "Too many open files" da ke fito wa masu koyon kod, wato fayilolin da ka buɗe sun yi yawa. Lambarsa ba ta canza ba.

11/ Yanzu ga inda abin ya yi daɗi. An yi al'ada a Unix cewa 0 ita ce ƙofar shigar bayani, galibi kibod. 1 ita ce ƙofar fita, galibi sikirin. Manhaja kamar ls, mai jero sunayen fayiloli, ba ta san komai game da sikirin ba. Ita dai ta rubuta a 1 ta tafi abinta.

12/ To ya ake yi idan kana so sakamakon ls ya shiga fayil maimakon sikirin? Za ka rubuta ls > jeri. Shel, wato manhajar da ke karɓar umarninka, sai ta haifi kwafin kanta. Kwafin ya rufe 1. Nan take ya buɗe fayil ɗin jeri. Wace lamba ce mafi ƙanƙanta da ba kowa? 1. Sai fayil ɗin ya zauna a kujerar sikirin.

13/ Daga nan kwafin ya rikiɗe ya zama ls, da lambobinsa yadda suke. ls ta rubuta a 1 kamar kullum, ba ta ma san an yi mata musanya ba. Ba a ƙara mata layi ko ɗaya ba. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai na jinjina wa mutanen nan. Amma ku lura: daga ranar da shel ta dogara da haka, "ƙaramar lamba" ta tashi daga sauƙin aiki ta zama alƙawari.

14/ A 1973 aka ƙara bututu. Doug McIlroy, shugaban sashensu, tun 1964 yake naci a riƙa jona manhaja da manhaja kamar yadda ake jona tiyon ban-ruwa. Thompson ya rubuta shi a dare ɗaya. Dabarar iri ɗaya ce: rufe 1, ka kira dup a kan bakin bututun, dup ya ba ka ƙaramar lamba, wato 1. A ɗaya ɓangaren a yi haka da 0.

15/ Lamba 2 kuma fa? Labarinta abin dariya ne. Da farko saƙon kuskure ma ta 1 yake fita. Bell Labs na da injin ɗab'i mai aiki da takardar hoto, sai an wanke kafin a ga abin da ya fito. Steve Johnson, ɗaya daga cikinsu, ya ba da labarin yadda aka sha wahalar wanke takarda, aka tarar da layi ɗaya tal, an tsara shi da kyau, yana cewa an kasa buɗe fayil 😂

16/ Asarar takarda da lokaci ta sa aka ware wa kuskure ƙofarsa daban, 2, wadda ke ci gaba da kallon sikirin ko da an karkatar da 1. Shi ya sa har yau fayil na farko da manhajarka za ta buɗe galibi 3 yake samu. 0, 1 da 2 an riga an rabar tun kafin ta farka.

17/ Wani abu da malamai ke saurin wucewa: lambar ba fayil take nunawa kai tsaye ba. Tebur uku ne. Na manhaja, mai gurabe. Na tsakiya, mai riƙe inda aka tsaya a karatu ko rubutu. Sai na fayil ɗin kansa. Ritchie ya bayyana dalilin na tsakiyar a tarihin Unix da ya rubuta.

18/ Da can kowace manhaja ita ke riƙe inda ta tsaya. Sai aka ga idan umarni biyu suka bi juna suna rubutu a fayil ɗaya, na biyu daga farko yake farawa ya taka rubutun na farko. Da aka mayar da alamar tsakiya, uwa da 'ya suka riƙa kallon alama ɗaya. Wannan gādon lambobi daga uwa zuwa 'ya, ku riƙe shi, zai dawo ya cije mu a ƙasa.

19/ Ɗan ratse: wani malami a Jami'ar New South Wales ta Ostireliya, John Lions, ya buga kod ɗin kanel na siga ta shida da sharhi don ɗalibansa a 1977. Layi bai kai dubu goma ba. Da kamfanin AT&T ya ƙara tsaurin lasisi, littafin ya koma yawo a fotokofi hannu da hannu, kamar handawut ɗin makarantarmu, har 1996 da aka halatta buga shi.

20/ Siga ta bakwai, 1979, ta ɗaga gurabe zuwa 20, ta kuma kawo dup2, wanda ke ba ka damar cewa "sa min wannan a lamba kaza" kai tsaye. A zahiri daga nan shel ba ta ƙara buƙatar tsohuwar dabarar ba. Da a ce za a saki dokar, lokacin ne. Sai dai manhajoji da yawa sun riga sun jingina da ita.

21/ 1983, Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta fitar da 4.2BSD. Su suka ce layin sadarwa ma a ba shi lambar fayil, suka kira shi soket. Babban lamari ne. Daga nan lambar ba ta takardu kaɗai ba ce: duk mutum ɗaya da ya jonu da saba, lamba ɗaya ce a teburinta.

22/ Suka kuma kawo select, hanyar tambayar kanel: cikin layukan nan wanne ke da saƙo? Yadda ake tambayar shi ne jeren bit, bit na 5 na nufin lamba 5. Wannan na aiki ne saboda an tabbata lambobin ƙanana ne kuma a cunkushe suke. Doka ta haifi wata dokar. A Linux jeren ya tsaya a 1024, wato bayit 128.

23/ 1988 aka rufe ƙofa. Ƙa'idar POSIX, wadda ta tsara abin da duk mai kama da Unix zai cika, ta rubuta baƙi da fari cewa open zai mayar da lamba mafi ƙanƙanta da ba a buɗe take ba. Abin da ya fara a matsayin zagayen gurbi 15 ya shiga kundi.

24/ 25 ga Agusta 1991 wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Helsinki, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta kanel don nishaɗi. 27 ga Agusta 1991 Babangida ya ƙirƙiri jihar Kebbi. Kwana biyu tsakani, sa'annin juna ne 😄 Linux na farko: gurbi 20, da zagaye daga 0 har a samu fanko. Sak na magabata.

25/ To daga nan lissafi ya fara zuwa. Matsala ta farko: yawa. A 1999 Dan Kegel ya rubuta shahararren shafinsa na C10K, yana tambayar yadda saba ɗaya za ta riƙe mutum dubu goma lokaci guda. select ba zai iya ba. FreeBSD ta kawo kqueue a 2000, Linux ta kawo epoll a 2002.

26/ A farkon 2012 WhatsApp suka sanar cewa saba ɗaya tasu, mai FreeBSD da yaren Erlang, ta riƙe layi sama da miliyan biyu a buɗe. Kowane layi lamba. Yanzu ka yi tunanin ufalloc na 1975 yana farawa daga 0 yana leƙa gurbi ɗaya-ɗaya har miliyan biyu, duk lokacin da wani ya kunna data.

27/ Ga yadda Linux ke yi a yau. Kowace manhaja na farawa da gurbi 64, idan ya cika a faɗaɗa teburin. Gefe guda akwai taswirar bit: 1 na nufin an ɗauka, 0 fanko. Furosesa na duba bit 64 a kallo ɗaya. Sannan kanel na ajiye wata alama, next_fd, mai cewa "ƙasa da nan duk a cike yake, kar ka wahala".

28/ Dabara ce mai kyau, amma tana da rami, kuma Al Viro, mai kula da wannan sashen, ya nuna shi. A ce lamba miliyan ɗaya na hannu. Aka rufe 3. Alama ta dawo 3. Aka buɗe sabo, ya ɗauki 3, alama ta koma 4. Buɗewa ta gaba fa? Sai ta taka tun daga 4 har miliyan kafin ta ga fanko.

29/ A ƙarshen 2015 Linus da kansa ya toshe ramin da taswira ta biyu a saman ta farko, full_fds_bits. Bit ɗaya a sama na wakiltar gurbi 64 na ƙasa: idan duk sun cika, a kunna shi, a tsallake su gaba ɗaya. Lissafi: gurbi miliyan ɗaya kallo 15,625 ne a ƙasa, a sama kuwa 245. Duk wannan wahalar don a cika alƙawarin ƙaramar lamba.

30/ Matsala ta biyu ta fi zurfi. Manhajar zamani ba hannu ɗaya gare ta ba, tana da zaruruwa da yawa, ba irin wannan zaren nawa ba 😅, masu aiki lokaci guda a kan ƙwaƙwalen furosesa daban-daban, kuma teburin lambobi ɗaya suke rabawa. Biyu suka buɗe fayil a tare, wa zai samu 7, wa zai samu 8? Dole ɗaya ya jira.

31/ Kamar shagon caji mai yara takwas ne amma igiyar lambobi ɗaya, kuma maigida ya ce lallai ta sama za a fara zarowa. Da an ce kowane yaro ya riƙe nasa ƙullin lambobin ya bayar da duk wadda ta zo hannu, ba mai jiran wani. Linux ta cire kwaɗo daga duba lamba tun 2005, amma rabon sabuwa har yau sai an kama kwaɗo.

32/ A 2013 Austin Clements, Frans Kaashoek, Nickolai Zeldovich, Robert Morris da Eddie Kohler, na MIT da Harvard, suka fitar da bincike a kan abin da ke hana kanel sauri idan ƙwaƙwale suka yi yawa. Dokarmu na cikin misalansu. Suka ba da shawarar tuta mai suna O_ANYFD: manhaja ta ce "ba ni kowace lamba". Sun gwada a kanel ɗinsu na gwaji. Linux ba ta ɗauka ba.

33/ Windows kuwa ba ta taɓa yin wannan alƙawarin a kan lambobin kanel ɗinta ba, don haka ba ta da wannan ciwon kan. Tana da nata dai.

34/ Matsala ta uku ita ce ta fi ba ni tsoro: tsaro. Akwai manhajojin da ke tashi da ikon babban mai gida ko da talaka ne ya kira su, kamar mai canza kalmar sirri. Ɗan kutse sai ya rufe 2 tukuna, sannan ya kira irin wannan manhajar. Ta tashi ta gāji tebur mai rami a 2, ba ta sani ba.

35/ Ta buɗe fayil mai muhimmanci na tsarin. Ƙaramar lamba? 2. Sai ɗan kutsen ya ba ta umarnin banza da gangan, ta fusata ta rubuta saƙon kuskure a 2, saƙon kuma na ɗauke da kalmomin da shi ya zaɓa. Ta zuba su cikin fayil ɗin da hannunta. A 2002 FreeBSD ta fitar da sanarwar tsaro a kan wannan.

36/ Maganin da aka yi: kafin irin wannan manhajar ta fara aiki, a duba 0, 1 da 2, duk wadda ke rufe a toshe ta da wani abu marar illa irin /dev/null, ramin da ke haɗiye komai. Wato an bar dokar, an sa mata gadi. Dabarar da ta sa ls > jeri ya yiwu ita ce dai ta buɗe wannan ƙofar.

37/ Sai gādo da na ce ku riƙe. Idan manhaja ta haifi wata, 'yar na tafiya da duk lambobin uwar sai an ce kar ta tafi da su. Kamar ka ara wa ƙaninka riga ka manta lambar caji a aljihu. Ya je shagon, an ba shi wayarka, kuma mai caji bai yi laifi ba.

38/ Akwai alamar "rufe wannan idan an rikiɗe" tun da daɗewa, amma sai bayan an buɗe ake sa ta. Tsakanin buɗewa da sa alama, wani zaren na iya haihuwa, lambar ta tsere. Sai 2007, a Linux 2.6.23, Ulrich Drepper ya kawo O_CLOEXEC, a buɗe da alamar a numfashi ɗaya. Python ta mayar da hakan al'adarta a siga 3.4, 2014.

39/ Kar ku ce tsohon labari ne. Janairun 2024 aka bayyana rami a runc, manhajar da Docker da Kubernetes ke tayar da kwantena da ita. Kwantena ɗaki ne da aka kulle manhaja a ciki don kar ta ga sauran kwamfutar. runc ta bar wata lamba a buɗe mai kallon wajen ɗakin, kwantena ta gāje ta.

40/ Mai kutse sai ya ce wurin aikinsa shi ne /proc/self/fd/7, ya bi ta nan ya fito tsakar gidan mai saba. Ta ina ya san 7? Ai lambobin ƙanana ne kuma a jere suke zuwa, in bai dace ba ya gwada 8. Sunan ramin CVE-2024-21626, an toshe a runc 1.1.12. Manyan kamfanonin girgije sai da suka yi ta faci.

41/ Akwai kuma rufewa sau biyu. Ka karɓi wayarka, ka mayar da lamba 12. Mai caji ya ba wata baiwar Allah 12 nan take, don ita ce a sama. Kai kuma ka manta, ka aiko yaro ya ce a cire ta 12. An cire wayar wata. Da lambobi ba sa dawowa da wuri, da kanel ya ce babu wannan lambar, magana ta ƙare.

42/ A manhaja haka na nufin wani zaren ya rufe fayil ɗin wani, ko bayanin da ya kamata ya tafi intanet ya faɗa cikin ma'ajiyar bayananka. Ga shi da wuyar kamawa, don ba kullum yake faruwa ba. Google sun gaji, suka sa fdsan a Android 10, mai lura da wa ke da kowace lamba. Daga Android 11, manhajar da aka gina don sabuwar sigar in ta rufe lambar da ba tata ba, kashe ta ake yi nan take.

43/ Saboda haka idan wata manhaja ta rufe kanta a wayarka ba sallama, ba kullum laifin "wayar China" ko netwok ba ne. Wani sa'in gadi ne ya kama ta da hannu a aljihun wani.

44/ Ita ma 1024 ɗin select ba ta mutu ba. Idan manhaja ta samu lamba 1024 ko sama ta miƙa wa select, rubutu take yi a wajen bayit 128 ɗin, ta ɓata abin da ke maƙwabtaka. Shi ya sa a 2018 systemd ta ɗaga rufin sama zuwa 524,288 amma ta bar iyakar farawa a 1024. Mai so ya ɗaga da kansa, ya ɗauki alhaki.

45/ Waɗanda suka ɗaga ba tunani kuma suka gamu da wani abin. Tsofaffin manhajoji na da al'adar rufe duk lambobi daga 3 har iyaka, ɗaya bayan ɗaya, don gudun gādo. Da iyaka 20 ce, ba komai. A wasu kwantenoni iyakar ta haura biliyan ɗaya, manhaja ta tsaya cak tana rufe ƙofofin da ba a taɓa buɗewa ba. Linux 5.9 ta kawo close_range a 2020, kira ɗaya ya share duka.

46/ Ra'ayina, kuma ina jiran 'yan ajinmu su zo mu yi musu: Thompson da Ritchie ba su yi kuskure ba. Da gurbi 15 da zare ɗaya, ba abin da ya fi wannan hankali. Inda nake da ja shi ne 1988. Dup2 na nan shekara tara kafin nan. Da kwamitin ya ce "kowace lamba", da an sha kuka shekara biyu an huta. Amma na san amsarsu: aikinsu rubuta abin da ake yi ne, kuma kamfanoni ba za su sa hannu a abin da zai karya musu manhaja ba.

47/ Mai son gani da ido ba sai da laftof ba. Sauke Termux a wayarka, rubuta ls -l /proc/self/fd. Galibi za ka ga 0, 1, 2 suna kallon tagar da kake rubutu, sai 3. Wannan 3 ɗin ls ce ta buɗe don ta karanta jerin da take nuna maka. Sake gwadawa da ls -l /proc/self/fd > jeri, sannan cat jeri, ka ga inda 1 ta koma.

48/ Mai son kod kuma ya nemi xv6, ƙaramin Unix da MIT suka rubuta a 2006 don koyarwa, kyauta yake a intanet kuma bai da nauyin data. Nemi fdalloc a ciki. Gurbi 16, zagaye daga 0. Minti biyu ya ishe ka karanta shi. Daga nan ka buɗe fs/file.c na Linux ka nemi alloc_fd, ka ga abin da shekara hamsin suka ɗora masa.

49/ Ƙoƙari na baya-bayan nan na kauce wa dokar shi ne io_uring, da Jens Axboe ya shigar a Linux 5.1 a 2019. Yana da nasa teburin na gefe, kuma daga 2021 manhaja na iya buɗe fayil ko karɓar layi kai tsaye cikin wannan teburin, a gurbin da ta zaɓa, ba tare da an taɓa tsohon jerin ba. Ba a soke dokar ba, an dai fasa wata ƙofa ta baya.

50/ Sai dai io_uring ya zo da nasa ramukan. A 2023 Google suka ce kusan kashi 60 cikin ɗari na hanyoyin kutsen kanel da aka kawo musu a shirin ladansu ta nan suka biyo. Suka kashe shi a ChromeOS, suka toshe shi ga manhajojin Android. Don haka wayar da kake karanta zaren nan da ita, in Android ce, tsohuwar hanyar take bi: hoto na gaba da za ka buɗe, kanel zai duba teburin ya ba shi ƙaramar lambar da ba kowa.